Shekarar da Mama Ta Shirya Maganarta

Bana ruwa ya yi mana wayo. Ya sauka da wuri kamar da gaske, mutane suka kwashi iri suka zuba a ƙasa, sai ya ɗauke ƙafa. Yau kwana goma sha tara ke nan rabon garin Lafiya da ɗigon ruwa. Da la'asar hadari yakan taso daga wajen Doma, ya yi baƙi ƙirin, ya yi ta gurnani har mata su fito da robobi da bokitai, daga nan iska ta watsa shi. Masu kawo doya kasuwa sun ce ganye ya fara naɗewa a gona. Ni yanzu ba ni da gona, alli nake riƙewa, amma jikina bai san da haka ba. Duk sanda ruwa ya tsaya a irin wannan lokaci sai in yi ta duban sama.

Turanci nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata, kuma saura kaɗan in ajiye aiki. Ɗalibaina Alago ne, da Eggon, da Migili, da Tibi, da Gwandara. Turanci shi ne harshensu na uku, wasu ma na huɗu. In zan sa su magana a gaban aji, nakan ba su minti goma da 'yar takarda su shirya. Wani abokin aikina ya ce lalata su nake yi, wai duniya ba ta ba mutum minti goma. Ban musa masa ba, don na fi shi sanin haka. Abin da na gani shekara da shekaru shi ne, yarinyar da aka ba lokaci maganarta takan zubo ba tsayawa, ta yi tsawo, har ta yi ƙarfin halin ɗauko kalmar da ba ta saba da ita ba, ko da yake ƙananan kurakuranta suna nan inda suke. Ita ɗin dai, in ka tare ta ba shiri, sai ka rantse ba ta san komai ba. Jiya wata ta gama bayaninta tsaf, na jefa mata tambaya ɗaya da ba ta cikin takardarta. Ta tsaya baki buɗe, gumi yana taruwa a karan hancinta. Sai da na juya na kalli taga, domin na taɓa ganin wannan tsayuwar a jikin mahaifiyata, kuma ni na kai ta wurin.

Shekarata goma sha tara a lokacin, na gama sakandare ina jiran sakamako. Ƙauyenmu yana bayan Kwandere, tafiyar kamar awa ɗaya da ƙafa. Babana, Audu, Gwandara ne. Yana saurayi ya tafi ƙodago gonakin doya a wajen Binuwai, ya dawo da Tibanci a bakinsa da kuma mata. A gidanmu da Tibanci ake magana, saboda haka Mama ta shekara ashirin da biyu a ƙauyen da Hausar kasuwa kawai: sannu, nawa ne, ya yi tsada, rage mini. Tana jin abin da ake faɗa, sosai ma, amma mayarwa ce aiki. Duk maganar da ta wuce ciniki, Baba ne bakinta, in ba ya nan kuma ni.

Baba ya rasu da rani, bayan ya gama tada kunyar doya amma bai kai ga sa iri ba. Jinyarsa ta tafi da awakinmu, masu gaisuwa kuma suka ƙarasa abin da ke rumbu. Abin da ya rage mana shi ne irin doya da ke binne cikin ciyawa a inuwa, da ɗan fegin rogo da dawa a bayan gida, da babbar gonar da ke bakin fadama, daga gindin giginya har rafi. Wannan gonar ce ke ci da mu, ni da Mama da ƙannena biyu.

Wani dattijo, Baba Ɗanjuma, shi ya ba Babana gonar tun tana daji. Dattijon ya daɗe da mutuwa, matarsa Iya ma ta bi shi. Ɗansu Isiyaku, wanda ya girma a birni yana tuƙin mota, aikinsa ya ƙare ya dawo gida ba shi da abin yi. Ana gama sadakar arba'in ya aiko da saƙo, wai gonar aro ce aka ba Audu, Audu kuma ya mutu, saboda haka kada a sa iri. Ni na fassara wa Mama saƙon. Ruwan farko yana sauka ta ɗauki kwando, tana cikin takaba ma, ta ce yaran ba za su jira ta gama takaba kafin su ci abinci ba. Cikin mako biyu muka binne irin duka, muka ɗora wa kowane tulin ƙasa hular ciyawa don kada rana ta dafa shi. Doya ta tsiro da kyau, muka kafa mata sanduna, ta fara hawa.

Sai ruwa ya tsaya.

Makon farko ba wanda ya damu. A na biyu ƙasa ta fara tsagewa a bakin fadama, inda ban taɓa ganin ta bushe da damina ba. Zafin ba irin na rani ba ne, mai danshi ne, yana manne wa mutum a jiki, zani ya jiƙe tun kafin a yi aikin komai. Da asuba mukan sha kunun alabo, wato garin busasshen rogo, tsararo ba sukari, mu kama hanya. Rafi ya koma 'yan kududdufai masu warin ruɓaɓɓen ganye. Daga nan muke ɗibo ruwa a daro mu riƙa zuba wa tulin da ganyensa ya fi laushi, kwano ɗaya ɗaya, ƙasa ta shanye kafin mu ɗaga ƙafa. Gara ta samu sandunan a bushe ta shiga ci, kullum sai mun tarar da wasu sun faɗi da doyar a jikinsu. Da rana tsaka mukan zauna gindin ɗorawa, ba don akwai abin ci ba, don dai kai ya daina juyawa. Mangwaro ya riga ya ƙare. Da yamma ne ake ɗora tukunya, sau ɗaya a yini: tuwon alabo da miyar ganyen rogo ko tafasa, ba mai, gishiri kuma a tafin hannu ake auna shi. Autanmu ya koyi lasar murfin tukunya a wannan shekarar, na doke shi a kan haka, har yau abin yana damuna.

A da, in noman firi, wato noman farko, ya zo, gayya ake yi. Maƙwabta su taru da fartanya a gama gonar wani yau, gobe ta wani. A shekarar ba wanda ya taka tamu. Ba ƙiyayya ba ce, kowa dai ba ya so a gan shi a gonar da ake rigima a kanta. Gwaggo Hajara kaɗai, yayar Babana, take zuwa da ciwon gwiwarta ta yi abin da za ta iya.

Muna cikin haka ɗan aiken dagaci ya zo ya ce Isiyaku ya kai ƙara, za a zauna nan da kwana goma sha biyu. Shaidu biyun da aka yi abin a gabansu duk sun mutu. Mama kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga ranar da aka ba da gonar. An ce an yarda in zauna kusa da ita in yi tafinta.

Gwaggo Hajara ce ta fara kawo shawarar. Ta ce Isiyaku yana yawo yana cewa baƙuwa ce, shekara ashirin ko gaisuwar kirki ba ta iya ba, ta ina za ta san abin da dattawa suka ƙulla. Ta ce in Mama ta faɗi maganarta da bakinta, da Hausa, a gaban kowa, wannan zancen ya mutu. Na karɓi shawarar hannu bibbiyu, kuma ba don gona kaɗai ba. Gara in faɗi gaskiya tunda na tsufa. Kunya nake ji. Tun ina firamare nake jin kunyar yadda Mama take Hausa, yadda mata ke danne dariya in ta buɗe baki. Ga ni na gama sakandare, ina ganin ba wanda ya kai ni iya magana a ƙauyen. Na ga dama ta samu da zan wanke mu duka a rana ɗaya.

Ba mu da lokacin zama a tabarma mu yi karatu, ciyawa ba ta jira, don ita fari bai hana ta fitowa ba. Saboda haka a gona muka yi shirin. Mama ta faɗi abin da take so ta ce da Tibanci, ni in juya shi Hausa, in yanka shi gutsure-gutsure. Kowane layin kunya da tasa maganar. Mu shiga layi, tana gaba da fartanya ina bayanta, ta yi ta maimaita magana ɗaya har mu fita ƙarshensa. Layi na gaba, magana ta gaba. In ta manta, sai in ce ta tuna layin da ke kusa da kututture, ko wanda sandarsa ta karye, sai maganar ta dawo mata. Ranar farko layi uku kawai muka ci, tana tsayawa a tsakiyar kalma. Na yi mata tsawa fiye da sau ɗaya, ni da ta haifa, cikinmu duka ba komai.

Zuwa kwana na biyar abin ya fara ba ni mamaki. Ta daina haddar abin da na ba ta kawai, ta fara gyarawa. Ta ce wannan kalmar ba ta kai abin da take nufi ba, in nemo wata. Ta ƙara yadda Baba Ɗanjuma ya zagaya da Babana iyakar gonar da sandarsa, daga giginya zuwa rafi. Ta ƙara akuyar da Babana ya kai masa, da buhun gishirin Keana, da damina uku da ya yi yana noma wa dattijon gonarsa. Ta haɗa magana da magana da “saboda” da “bayan haka” da “ko da yake”, kalmomin da ban taɓa jin su a bakinta ba. Har yanzu takan ce “ya” inda ake cewa “ta”, wannan na yi na yi bai gyaru ba na ƙyale. Amma in ta fara daga layin farko, sai ta kai na goma sha huɗu ba tuntuɓe. Gwaggo Hajara ta jingina da fartanyarta ta saurara, ta share hawaye, ta ce ashe duk shekarun nan Hausar tana ciki, wuri ne ba a ba ta ba.

Saura kwana biyu, muna gindin ɗorawa, Mama ta tambaye ni, in sun yi mata tambaya fa. Na ce ai ina kusa da ita, duk abin da ya gagare ta ta faɗa da Tibanci in juya. Ko sau ɗaya ban zauna na yi tunanin abin da Isiyaku zai iya tambaya ba. Na shagala da daɗin abin da na gina.

Ranar zaman ba iska ko kaɗan. A ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidan dagaci aka shimfiɗa tabarmi, maza a gaba, mata a gefe can baya. Mama ta ɗaura zaninta mai kyau guda ɗaya da ya rage, ya yi mata yawa saboda rama. Na zauna dab da bayanta. Isiyaku ya faɗi tasa, gajeriya. Dagaci ya dube ni ya ce in gaya mata ta yi magana. Kafin in buɗe baki ta gyara zama.

“Ranka ya daɗe, ni matar Audu ne. Shekara ashirin da biyu ina wannan gari, a nan na haifi yarana, a nan na binne mijina. Gonar da ake magana, ina tsaye a wurin ranar da Baba Ɗanjuma ya ba shi. Ba aro ya ce ba. Ya ce, Audu, naka ne, kai da 'ya'yanka.”

Haka ta ci gaba, layi bayan layi, ina bin ta a zuciya ina ganin kunyoyin. Ba ta tsaya ba, ba ta waiwaye ni ba. Na ga wani tsoho yana gyaɗa kai da ta ambaci gishirin, wata mata a baya ta ce ikon Allah. Da ta gama, kaina ya kumbura har na manta da yunwa. Na duba wajen matan da ke danne dariya a kasuwa, ina so su haɗa ido da ni.

Isiyaku ya yi murmushi. Ba wawa ba ne, ya zauna a birni.

“Ranka ya daɗe, ashe Maman Talatu ta fi ni Hausa. To mene ne kuma amfanin tafinta? Yarinyar nan Talatu 'yarta ce, tana da rabo a gonar, ba mu san abin da za ta ƙara ko ta rage ba. Tunda ga baki, a bar ta ta amsa da kanta.”

Dagaci ya duba dattawan da ke gefensa, suka ce maganar tana kan hanya. Wa zai ce ba haka ba, bayan abin da kowa ya ji da kunnensa? Aka ce in koma wajen mata. Na ce ranka ya daɗe, wannan da ta faɗa shiryawa muka yi. Wani ya ce au, ashe koya mata aka yi. Na ga na ƙara ɓata abin, na ja bakina na tashi. Mama ta bi ni da ido har na zauna.

Sai tambayoyi suka fara. A wace shekara ce, kafin a yi gadar rafi ko bayan an yi. Wa ya ja akuyar. In tana tsaye a wurin, da wane harshe dattijon ya yi maganar, kuma ita ta ji da kanta ko mijinta ne ya gaya mata daga baya. Duk ta gane, na san ta gane, kuma ta san amsa. Ina hango leɓɓanta suna motsi, tana haɗa amsar da Tibanci, tana neman yadda za ta haye da ita. Kafin ta haye da ɗaya, wata ta iso. Abin da ke fitowa guntaye ne: “Gada… a'a, kafin… shi akuya, Audu…” Matar da ta yi magana yanzu kamar ruwa, ga ta tana in-ina. Mutanen wurin ba su ga mai neman kalma ba. Sun ga wadda ta zo da hadda, haddar ta ƙare, tana neman ƙarya. Kowane shiru da ta yi, a kanta aka lissafa shi.

Daga nan Isiyaku ya kawo wadda ya ajiye.

“Duk shekara in sabuwar doya ta fito, ba kwa kawo guda goma gidanmu?”

A wajenmu kowa ya san wanda ke kai amfanin gona gidan wani duk shekara, a gonar aro yake. Kuma gaskiya ne an riƙa kaiwa. Ni da kaina na sha ɗaukar doyar nan a ka ina ƙarama, ban taɓa tambayar dalili ba.

Mama ta ce, “Muna kawo. Amma shi doya ɗin… na Iya… lokacin da ni…” Ta tsaya. Ta juyo tana nemana cikin mata, ta fara da Tibanci. Wani na gefen dagaci ya ce ta yi da Hausa kowa ya ji.

“Kuna kawowa ko ba kwa kawowa?” in ji Isiyaku.

Bakinta a buɗe, gumi yana sauka ta gefen kunnenta. Dagacin nan ba mugu ba ne, ya jira ta. A ganinsa ya jira da yawa, ni kuwa na san bai kai lokacin da ake ɗauka a fita rabin layin kunya ba.

“Muna kawo,” in ji Mama.

Na miƙe, aka ce in zauna ni ba shaida ba ce. Ko da an bar ni ma, me zan ce? Dagaci ya yanke cewa gonar aro ce, ta koma wa Isiyaku. Tunda kuma an aiko kada a sa iri aka sa, doyar da ke ciki ta bi gonar, sai dai in an haƙa a mayar mana da kwatankwacin irin da muka binne. Ya ce magana ta ƙare a nan.

A hanyar gida na tambaye ta da Tibanci dalilin doyar nan goma. Ba ta kalle ni ba. Ta ce ba ni ce na yi tambayar a gaban dagaci ba. Ba ta zage ni ba, ba ta ce na yi alkawari na saɓa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Gwaggo Hajara ta ce kotun Lafiya sai mai namiji tsaye da abin hannu, mu kuwa ba mu da ko ɗaya.

Kwana uku bayan haka ruwa ya ɓarke. Ya yi kwana biyu yana zuba, fadama ta cika, kwaɗi suka dawo, gari ya ɗauki ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kowa yana hamdala. Hanyar rafi ta gefen gonar take bi, saboda haka kullum sai mun wuce mun ga doyar ta farfaɗo, ganye ya yi kore shar ya rufe sandunan da muka kafa. Mu kuwa watan da ya biyo baya shi ne mafi muni da na sani. Muka tone rogon bayan gida tun bai ƙosa ba. Muka shiga yi wa mutane noma a biya mu da mudun dawa. Ƙannena suka riƙa kama shinge, garar nan mai fiffike, in an yi ruwa, a soya ba mai. Ɗakinmu yana yoyo, itace a jiƙe, hayaƙi ya fi wuta yawa. Gashin autanmu ya koma ja, cikinsa ya fito. Sakamakona ya zo, na ci, ban ji komai ba.

A duk tsawon lokacin Mama ba ta ƙara yin Hausa da kowa ba, ko a kasuwa sai ta nuna da hannu. Amma ina lura da ita. In tana daka, ko tana tsinkar ganye, leɓɓanta suna motsi. Ta tsaya, ta girgiza kai, ta sake farawa. Ba ta tambaye ni ko kalma ɗaya ba.

Wajen wata biyu da rabi bayan zaman, wata safiya muna dawowa daga rafi da ruwa a ka, muka tarar ana haƙar doyar. 'Yan ƙodago ne su huɗu, baƙi, ban san fuskar kowa ba. Sun jera doya a bakin hanya, manya, da jar ƙasa a jikinsu. Na ƙara sauri don mu wuce. Mama ta sauke daronta a ƙasa. Ta tsaya a bakin gonar, ta gyara ɗaurin zaninta, ta yi musu sannu da aiki. Suka amsa. Sai ta fara, da Hausa, da murya irin ta gaban dagaci.

“An tambaye ni doya goma. E, muna kawo. Amma ba gidan muke kai wa ba, Iya muke kai wa. Shekaran da na zo garin nan na haifi yaro namiji, ya mutu kafin suna. Audu ya tafi ƙodago, ba ya nan. Ba ni da uwa a nan, ba ni da wanda yake jin bakina. Iya ne ya zo. Ita ta wanke yaron, ita ta sa aka binne shi, ta zauna da ni kwana bakwai, ba ta jin nawa, ba na jin nata. Shi ya sa na ce wa Audu, muddin Iya tana da rai, doyan farko nata ne. Ba don gona ba. Da Iya ta mutu, shekara huɗu yanzu, mun daina. In haƙƙin gona ne, me ya sa ba wanda ya zo ya tambaya?”

Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ni kuwa ina tsaye da ruwa a ka, a ranar na fara jin an haifi namiji kafin ni. Kuma gaskiya ne an daina kaiwa, na ɗauka don ina makarantar kwana ne aka daina aike na. Wannan amsar kaɗai da ta isa ta riƙe mana gonar.

'Yan ƙodagon suka dubi juna. Babbansu, mai furfura a gemu, ya share hannunsa a wando ya ce, “Mama, mu aiki aka ɗauko mu, ba mu san komai a kai ba. Mai gonar ma yana Lafiya.” Ya duba hanya hagu da dama. Sai ya sunkuya ya zaɓi doya ɗaya babba ya miƙo mata, ya ce ta kai wa yara.

Na so ta ƙi. Wallahi da dukan zuciyata na so ta juya ta bar shi da ita a hannu. Ta daɗe tana kallon doyar. Sannan ta sa hannu biyu ta karɓa, ta rusuna, ta ce Allah ya saka da alheri, yadda ake ce wa wanda ya yi sadaka.

Da yamma aka dafa ta da gishiri. Ƙannena suka ci suna ƙona baki. Ni ma na ci, ban bar ko loma ba, kuma ta yi mini daɗi. Wannan ne har yau ban yafe wa kaina ba.